Abin da aikin ƙawata ɗaki yake koya wa mai ƙaramin kuɗi

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, idan ana nufin labulen da zai koɗe cikin wata uku, ko kujerar da za ta fara rawa kafin shekara ta zagayo. Amma duk wanda ya daɗe a aikin gyara ɗakuna ya san cewa yawancin ɗakunan da suka ƙi kyau an kashe musu kuɗi. Matsalar ita ce an kashe shi kafin lokacinsa. An sayo kujeru ba a auna falo ba, an jera kayan ado alhali bango yana ɓarewa, an zaɓi launi a shago ƙarƙashin fitilar da ba irinta ce a gida ba. Mai kuɗi da yawa zai iya yin kuskure ya sake saye. Mai ƙaramin kuɗi sau ɗaya zai saya, don haka dole ya san abin da zai fara da shi da abin da zai bari sai daga baya.

Aikin farko ba ya cin ko kwabo. A fitar da komai daga ɗakin, a tsaya a bakin ƙofa a dube shi babu kaya. Sannan a ɗauko tef na awo da takarda, a rubuta tsawo da faɗi da tsayin bango, da girman kowace taga, da faɗin ƙofa. Faɗin ƙofar nan mutane da yawa suna mantawa da shi, sai kujera ta iso ta ƙi shiga. Wannan takarda ta zauna a aljihu duk ranar da za a je sayayya. Wajen mayar da kaya kuma, kada a mayar da duka. Ɗakin da aka rage wa tarkace ya riga ya yi rabin kyan da ake nema.

Daga nan sai bango, kuma a nan ya kamata kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi, domin babu abin da ya kai shi faɗi a idon mai shigowa. Lissafin fenti ba shi da wuya. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3.5, tsayin mita 3, kewayensa mita 15 ne. A ninka da 3, an sami murabba'in mita 45. A cire kamar 4 na ƙofa da taga, saura 41. Shafi biyu ake yi, wato 82 ke nan. Litar fenti mai ruwa tana rufe kimanin murabba'in mita 10 zuwa 12 a bango mai santsi, saboda haka lita 8 za ta isa, a ƙara ɗaya ko biyu idan bangon yana da kaushi, domin kaushi yana shan fenti. A sayi duka a lokaci guda. Launi ɗaya daga haɗi daban yakan ɗan bambanta, kuma bambancin yana fitowa fili idan suka haɗu a bango ɗaya. Idan bokiti biyu ne, a juye su wuri guda a gauraya kafin a fara.

Fenti ba ya ɓoye aibin bango, ƙara fito da shi yake yi. Shi ya sa ranar shiri ta fi ranar shafawa muhimmanci. A kankare duk inda tsohon fenti ya ɗago, a ɗan buɗe tsaga da bakin wuƙa don abin cikewa ya shiga ciki sosai, a cike, a bari ya bushe, a goge da sanfefa mai lamba 120, a share ƙurar da ɗanyen tsumma. Wanda ya shafa fenti a kan ƙura, ƙurar ya yi wa fenti, kuma tare za su zubo. Idan tsohon fentin mai mai ne, irin mai sheƙi, sabon fenti mai ruwa ba zai kama shi ba sai an goge sheƙin nan ya dushe, in ba haka ba farce ma zai ɓare shi. A tsohon gini kuwa, a jiƙa wurin kafin gugar kuma a rufe hanci da baki, domin wasu tsofaffin fenti suna ɗauke da dalma, ƙurarta kuma guba ce, musamman ga yara.

Danshi shi ne babban abokin gabar wannan aiki. Inda aka ga fenti yana kumbura kamar ƙuna, ko farin gari kamar gishiri yana fitowa a ƙasan bango, ruwa ne ke ratsowa daga wani wuri: bututu mai yoyo, rufi, ko ƙasa. Ko an shafa mafi tsadar fenti a kai, zai sake kumbura. Sai an toshe hanyar ruwan, bango ya bushe, sannan a taɓa buroshi. Haka sabuwar filasta: a ba ta aƙalla mako huɗu ta bushe, kuma shafin farko a sirka shi da ruwa, kamar kashi uku na ruwa da kashi bakwai na fenti, don filastar ta sha ta ƙoshi. Idan aka fara da mai kauri, filastar za ta zuƙe ruwansa nan take, ya zauna a sama kamar fata, daga baya ya saɓule. Tsakanin shafi da shafi a jira awa biyu zuwa huɗu ga mai ruwa, mai mai kuwa sai ya kwana. Sauri ya haifi nawa, a nan ma haka yake.

Game da launi, ɗan katin da ake nunawa a shago yana ruɗin ido. Launi yana ƙara ƙarfi idan ya bazu a babban wuri. A sayi ɗan ƙaramin gwangwani, a shafa faɗin rabin mita a bango biyu, wanda ke fuskantar taga da wanda ke gefenta, a duba da safe, da la'asar, da kuma dare bayan an kunna fitila. Wanda ya rasa yadda zai haɗa launuka, akwai rabon da masu aikin suka daɗe suna bi: kashi 60 launi mai sanyi a bango, kashi 30 launi na biyu a labule da kujeru, kashi 10 launi mai ƙarfi a matasai da ƙananan kaya. Amfanin wannan ga mai ƙaramin kuɗi shi ne, ranar da ya gaji da launin, kashi goman nan kawai zai canza.

Bayan bango sai haske. Da yawa suna kallon wat a jikin kwalin ƙwan fitila su bar lambar da ta fi tasiri ga kyan ɗaki, wadda ake rubuta harafin K a ƙarshenta. Ƙwai mai 2700K zuwa 3000K haskensa mai ɗumi ne, ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa, shi ya dace da falo da ɗakin kwana. Mai 4000K ya fi dacewa da kicin da teburin karatu. Mai 6500K fari ne fat har da shuɗi-shuɗi, yana sa fuska ta yi fayau, launin bango ya mutu. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Kada a haɗa mai ɗumi da fari a ɗaki ɗaya. Kuma ƙwai ɗaya tilo a tsakiyar silin yana barin kusurwoyi cikin duhu, ya jefa inuwa a ƙarƙashin idon masu zama. Ƙananan fitilu biyu, ɗaya a kan tebur ɗaya a kusurwa, sun fi babbar fitilar ado mai tsada gyara ɗaki da dare.

Labule ne wurin da na fi ganin ana ɓata yadi mai kyau saboda rowar awo. Kuskuren iri uku ne, kuma sau da yawa a tare suke zuwa: sanda ta yi ƙasa, ta yi gajarta, yadin kuma bai isa ba. A ɗaga sandar aƙalla santimita 15 sama da kan taga, in da hali a kai ta kusa da silin, bango zai yi kamar ya ƙara tsayi. A bar ta ta wuce taga da santimita 20 ta kowane gefe, yadda idan an yaye labulen zai tsaya a kan bango ya bar gilashin duka a buɗe. Faɗin yadi kuma ya ninka tsawon sanda sau biyu. Taga mai faɗin santimita 120 tana buƙatar sanda mai 160, yadi kuma 320. Idan aka yi ƙasa da haka, labulen zai miƙe kamar zanin da aka shanya, babu ninki ko ɗaya. Yadi mara tsada mai cikakken ninki ya fi mai tsada da aka ƙwara kyau nesa ba kusa ba. Tsawonsa ya sauka har ya rage santimita ɗaya ya taɓa ƙasa, a ƙara kamar 25 na kalmasa sama da ƙasa. Idan auduga ce, a wanke ta kafin a kai wa tela, domin tana tsukewa a wankin farko, labulen da aka ɗinka daidai sai ya koma ɗangalalle.

Kujeru su ne suka fi cin kuɗi, kuma su ne ya fi kamata a yi haƙuri da su. Tsohuwar kujera mai ƙashin katako mai ƙarfi ta fi sabuwa mai arha da aka haɗa da matsattsen garin katako, wanda da ya sha ruwa yake kumbura ya farfashe. Kafin a sayi ta hannu, a ɗaga ƙafa ɗaya ta gaba: idan ɗayar ba ta biyo ta ba, ƙashin ya saki. A kifa ta a nemi ƙananan huji da garin katako mai laushi, alamar ƙwaro na cin ta ke nan. A haska ɗinki da lungunanta da tocila, idan an ga ɗigo-ɗigo baƙi a bar ta, kuɗin cizo ne, kuma korarsa daga gida zai ci fiye da abin da aka rage. Idan ƙashin lafiya yake, soso da yadi kawai za a canza. A kashe kuɗin a soso mai nauyi na wurin zama, domin mara nauyi wata kaɗan zai lotse, sabon yadin ya yamutse a kansa. Wajen jerawa, a bar santimita 75 zuwa 90 na hanyar wucewa, da kamar 45 tsakanin kujera da teburin tsakiya.

Kafet ƙarami a tsakiyar babban falo yana ƙanƙantar da ɗaki. Ya kai girman da ƙafafun gaba na kujeru za su hau kansa. Idan kuɗin bai kai ba, gara a bar ƙasa a share ta tas har ya kai. Matashin kujera kuma, cikinsa ya fi rigarsa girma da santimita biyar, shi ne zai cika ya tsaya. Shuka ɗaya mai girma a kusurwa ta wadatar, muddin tukunyar tana da huji a ƙasa, kuma ba a ba ta ruwa sai an tsoma yatsa an ji saman ƙasar ya bushe. Yawan ruwa ne ke ruɓar da saiwa.

Abin rataye shi ne na ƙarshe, bayan kowane kaya ya sami mazauninsa. Kusan kowa yana rataye firam sama fiye da kima. Tsakiyarsa ya kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Idan a saman doguwar kujera ne, ƙasansa ya tashi santimita 20 daga bayanta, faɗinsa kuma ya kai kashi biyu cikin uku na tsawonta. Madubi a sa shi inda zai ɗauko hasken taga ya watsa cikin ɗaki, amma a tsaya a wurin tukuna a ga abin da zai nuna, kada ya ninka lungun da ake tara kaya. Madubi mai nauyi ba a rataye shi da ƙusa ɗaya a bangon siminti. A huda wuri biyu, a sa ƴar robar riƙe sukuru, a ɗaure. Idan firam da yawa za a jera, a yanka tsohuwar takarda daidai girman kowanne, a manna su a bango da tef, a bar tazarar santimita 5 zuwa 8 tsakaninsu, a ja baya zuwa bakin ƙofa a duba. A yi ta matsar da takardun har jerin ya zauna, a sa alamar wurin ƙusa a jikin kowace takarda, sannan a ɗauko guduma.