Gary Neville da daren Barcelona

Jiya ina sauraron Gary Neville yana sharhi a Sky Sports, sai daren nan na Fabrairun 2016 ya faɗo mini a rai. Ina gidan kallo Barcelona ta zura wa Valencia ƙwallo 7 ba ko ɗaya, shi kuwa yana tsaye a gefen fili, shi ne kocin Valencia. Wallahi daren nan ko abinci ban iya ci ba.

Tun ina yaro nake ƙaunar mutumin nan. Wasa 602 ya buga wa Manchester United a matsayin ɗan baya, bai taɓa sa rigar wani kulob ba, kofin Firimiya sau 8. Ba shi da gwanintar abokin wasansa Ryan Giggs, naci ne da zuciya. Da ya rataye takalmi a 2011 ya koma talabijin, a bakinsa na fahimci yadda ɗan baya ke karanta wasa.

Valencia kuwa ya karɓe ta bai iya Sifaniyanci ba, wata huɗu ba su cika ba aka sallame shi. Ya dawo gaban kyamara ya amsa gazawarsa da bakinsa. Har yau in zai soki wani koci, nakan kasa kunne sosai.