Abin da auna tsofaffin gidajen Zariya ya koya mini kan rajistar kayan tarihi

Kusan kowace unguwa ta cikin birnin Zariya tana da ginin da mutanenta ke cewa ya kamata gwamnati ta san da zamansa. Wani zaure ne da aka ce wani babban malami ya yi shekaru yana ba da karatu a ciki, wani masallacin unguwa ne da ya ga sarakuna da yawa, wani kuma tsohuwar marina ce. Hujjar da ake fara kawowa kullum ɗaya ce, wato ya tsufa. Ni kuwa tun ina ɗalibin zanen gine-gine muna fita auna tsofaffin gidaje, har zuwa lokacin da na riƙa taimaka wa masu haɗa takardun neman rajista, na lura maganar shekaru ita ce mafi sauƙin amsawa. Inda gizo ke saƙa shi ne in aka tambaye ka shaida, aka tambaye ka iyakar wurin, sannan aka tambaye ka wanda zai kula da shi bayan an rubuta.

A Najeriya, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ce ke da wannan aiki. Doka ta 77 ta 1979 ce ta kafa ta, ta maye gurbin tsarin da ya faro daga dokar kayan tarihi ta 1953. Hanyar a rubuce ba ta da tsawo. In hukumar ta ga wani wuri na buƙatar kariya saboda amfanin ƙasa, sai ta buga sanarwa a gazet ɗin gwamnati, ta aika wa mai wurin kwafi, a ba da wa'adi ga duk mai ƙorafi ya kawo. Bayan nan ta miƙa buƙata ga Shugaban Ƙasa, shi ke ayyanawa. Da zarar an ayyana, rushe wurin ko sauya masa kama ba tare da izini ba ya zama laifi. Shekarar 1918 da ake yawan ambata tana cikin dokar, amma ta shafi kayan fasaha da na sana'ar hannu ne, irin su ƙofofi, ganguna, makamai da rubuce-rubucen hannu da aka yi kafin wannan shekara.

In ka duba abin da aka riga aka rubuta a Jihar Kaduna za ka gane ba da shekaru ake awo ba. Akwai ganuwar Zariya, akwai duwatsun Kufena, akwai tsohon masallacin Maigana. Cikin jerin kuma akwai gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga, wadda aka kafa a Zungeru a 1904, aka ɗauko ta aka kawo Kaduna a 1954. Idan aka jera ta da Kufena, jiya-jiya aka yi ta. Abin da ya shigar da ita shi ne tana ba da shaidar wani zamani na mulki, kuma an san ranarta da wanda ya sa aka yi ta. Wuraren da aka ayyana a duk faɗin ƙasar nan sun daɗe a tsaye a 65, kuma da yawansu tun shekarun 1950 da 1960 aka rubuta su.

Shaida ita ce ta fi cin lokaci. A Zariya ba a rasa labari, sai dai ya yi yawa. Duk gidan da ke da soro mai kyau, sai ka ji an ce Babban Gwani ne ya gina shi. Babban Gwani Muhammadu Durugu dai shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, shi ne kuma ake danganta wa Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauci, wanda yake cikin jerin ƙasa. Da a ce duk abin da ake jingina masa shi ya gina, da bai taɓa barci ba. Ba ina cewa mutane ƙarya suke yi ba. Zuriyarsa da almajiransu sun ci gaba da sana'ar, har yau akwai unguwa mai sunansa, saboda haka “aikin Babban Gwani” na iya nufin hannunsa, yana iya nufin gidansa. Mai haɗa takarda dole ya tantance wanne ake nufi.

Abin da malamanmu suka koya mana shi ne a bi labari ta hanya fiye da ɗaya. A tambayi dattawa daban-daban, kowa shi kaɗai, a nemi su ɗaura zancen ga zamanin wani sarki, domin mutanenmu sun fi riƙe “zamanin Sarki Kwasau” ko “zamanin Alu ɗan Sidi” fiye da lissafin shekara. A lissafa masu gidan daga na yanzu zuwa wanda ya kafa. Sannan a je Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House, a duba rahotannin Turawan mulki da tsofaffin hotuna. Daga ƙarshe a koma ga ginin kansa a ji abin da zai ce.

Wannan na ƙarshen shi na fi jin daɗi. Ka shiga zaure da tef da fitila, ka ɗaga kai ka bi bakan gizo daga inda ya taso a jikin bango har inda ya haɗu da ɗan'uwansa. Inda yaɓe ya ɓamɓare za ka ga yadda aka jera azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, an ɗaure, an lulluɓe da ƙasa. Ka auna kaurin bango a gindi da kuma sama, ka ga yadda yake sirancewa. Ka duba ko tubali ne na hannu, mai kumburin ƙasa da tsinin sama, ko kuwa bulon ƙasa na akwati wanda ya zo daga baya. A kan rufi ka duba ko akwai sauran laso, wato shafen da ke hana ruwa shiga, a bango ko akwai makuba, ka ƙirga zankwaye, ka ga indararo na ƙasa ne ko na gwangwani. Wani tsohon magini da ke raka mu ba ya ko duban tef ɗinmu. Bango yake ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yana saurare. In ya ji ƙarar ta yi kamar ta ƙwarya, sai ya ce, “Yara, nan siminti ya rabu da ƙasa, ruwa na kwance a ciki.”

Daga nan ne maganar asali ke tasowa, kuma a kanta na fi yin gardama da abokan aiki. Masu tantancewa suna son sanin ko abin da ke tsaye shi ne na asali. To ginin ƙasa fa? Duk shekara kafin damina ana yi masa yaɓe, wani sashe ya zube a tayar, a canza azarar da ta ruɓe. Bayan shekara ɗari, ƙasar da ke fuskar bangon ba ita ce magini na farko ya shafa ba. In da ma'aunin ginin dutse na Turai za a bi, babu soron da zai tsallake. Taron da aka yi a Nara ta ƙasar Japan a 1994 ya sassauta wannan, aka yarda a auna asali bisa al'adar da ta haifi ginin, har da siffarsa, amfaninsa da dabarar yinsa. Babban masallacin Jenne na Mali, wanda yake tsaye yanzu, a 1907 aka sake gina shi, kuma duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi, amma garin yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1988. Agadas ta shiga a 2013 da hasumiyarta ta ƙasa mai tsawon mita 27. A nawa ganin, yaɓe da hannun magini bisa tsohuwar hanya ba ya rage wa gini komai. Abin da ke rage masa shi ne a shafe shi da siminti, a cire rufin soro a ɗora kwano, a faɗaɗa ƙofa don mota. Masu gida ba don mugunta suke yi ba, yaɓen shekara-shekara kuɗi ne, magina kuma sun yi ƙaranci.

Masallacin Juma'a na Zariya ya ishe mu misali. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin ƙasar da sabon gini na kankare. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe ya rufta ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙan su. Tun daga ranar, in ka nuna wa mai gida tsaga a bango, ba ya yi maka dariya. Sai dai kuma wasu sun ɗauki darasin ta wata fuskar, suna ganin maganin tsohon gini shi ne a rushe tun bai faɗo ba.

Iyaka kuwa, ganuwa ta isa bayani. Tana cikin jerin ƙasa, amma duk wanda ya zaga daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Gayan ya san yadda aka ci ta. Wani wuri an haƙe ƙasar an yi bulo, wani wuri gida ya hau kanta, wani wuri ta zama juji. Rubuta suna a gazet ba ya kafa turaku a ƙasa. Shi ya sa UNESCO ba ta wasa da taswira. Yarjejeniyarta ta 1972 kan wuraren tarihi na duniya, wadda Najeriya ta shiga a 1974, tana da ma'auni goma, wuri ya cika aƙalla ɗaya. Amma kafin nan sai ƙasa ta sa shi a jerin share fage na aƙalla shekara guda, ta zana iyakarsa da filin kariya da ke kewaye da shi, ta nuna dokar da ke tsare shi da tsarin kula da shi. Ƙwararrun ICOMOS, ƙungiyar masana wuraren tarihi da ke ba UNESCO shawara, su zo su gani da ido, sannan kwamiti mai ƙasashe 21 ya yanke hukunci. Wurare biyu Najeriya ta samu ta wannan hanya: Sukur ta Adamawa a 1999 da kurmin Oshun na Oshogbo a 2005. Badalar Kano tana jerin share fage tun 2007. Ana kuma cire wanda ya shiga, kamar yadda aka yi wa Diresdin ta Jamus a 2009 da Libaful ta Ingila a 2021, duk saboda sababbin gine-gine.

Tambayar mai kula ita ce ba a koya mana sosai a aji ba, a zaure na koye ta. Akwai wani gida da muka auna tsaf, muka zana, muka tattara tarihinsa har ya tsaya da ƙafarsa. Mai unguwa ya kai mu wajen dattijon gidan. Bayan gaisuwa na yi masa bayani, ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce, “To ɗana, na ji. In an rubuta, su za su riƙa yi mana yaɓe?”

Na ce, “Baba, dokar ta ba hukuma damar taimakawa wajen gyara, ta kuma yi maganar diyya, amma ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba.”

Ya ce, “Hanawa fa? In jikana zai yi aure ina so in fasa nan in fitar masa da ɗaki?”

Na ce sai da izini.

Ya yi murmushi ya ce, “Ashe hanin tabbas ne, taimakon ne sai Allah ya sa.”

Ban ga laifinsa ba. Ga shi kuma gidan ba nasa ne shi kaɗai ba, gado ne da ba a raba ba, magada wasu suna Sabon Gari, wasu Kaduna, wasu Legas, kuma akwai masu son a sayar. Takardar neman rajista tana son sunan mai wuri da yardarsa, gidan gado kuwa ba shi da baki ɗaya. Shi ya sa yanzu in aka kira ni duba wani gini, kafin in ɗauko tef nakan nemi a tara magada, a sanar da mai unguwa da hakimi, a nemo magini wanda ya iya tubali da azara ya faɗi abin da yaɓen shekara zai ci, a kuma san daga aljihun wa zai fito. Wancan gidan dai zanensa da tarihinsa suna nan a kammale, amma ba a miƙa takardar ba, domin magadan ba su zauna ba tukuna.