Asabar, tuwon Umma

Safiya ta yi daɗi. Na ɗaura abin awon jini kafin yara su tashi, lambar ba ta kai 140 bisa 90 ɗin da likita ta ce kada in bari ta wuce ba. Kunun gyada ba suga, da ɗan ƙosan da na tsane wa mai. Daga nan kasuwar Yankaba: alayyahu, kabewa, ɗanyen zogale. Tumatir dai sai haƙuri.

Sai gidan Umma.

Tun daga soro ƙamshin man shanu da aka soya da albasa ya tare ni. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, irin wadda take zuba wa yakuwa da niƙaƙƙiyar gyaɗa har ta yi kauri, ga naman rago ya dahu luguf. Auta ta ce tun bayan asuba aka ɗora, don kawai na ce zan zo. Umma da kanta ta ajiye mini malmala biyu, ta kwarara man shanu a kai har ya kewaye tuwon, ta sa aka siyo lemon kwalba mai sanyi.

Na gutsuri rabin malmala, na ƙara ganyen miyar da yawa, na janye man gefe. Lemon ban buɗe ba, na ce a ba ni ruwa. Ina ci tana kallona.

"Ke, miyar ce ba ta yi ba?"

"Wallahi ta yi, Umma. Babu mai yin irinta."

"To me ya hana ki ci? Dubi wuyanki. Mutane sai su ce ba a ba ki abinci a gidan mijinki."

Na ce likita ce ta ce in rage gishiri da maiƙo da tuwo. Sai ta gyara zama ta ce su da tuwo suka tashi, tuwo da dare, ɗumame da safe, me ya same su? Na ce Umma, ku fa tuwon dawa da na gero kuka ci, kun yi surfe, kun yi daka, kun ja ruwa a rijiya, miyarku kuma daddawa ce ke ɗauke da ita. Ni kuwa wuni nake a kujera gaban kwamfuta, mota ta kai ni ta dawo da ni. Tukunyar yau dunƙule nawa aka marmasa mata? Shi kusan rabinsa gishiri ne, ga kuma wanda aka barbaɗa daban. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi gishirin mutum na wuni guda kada ya kai giram 5, ƙaramin cokalin shayi ke nan. Lemon nan ma, kwalba ɗaya ta rabin lita, sugan cikinta ya haura cokali goma.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Cuta da mutuwa duk na Allah ne."

Na ce haka ne, Umma, amma Allah ya ce tashi in taimake ka.

Daga nan muka yi shiru. Na san abin da ke ranta, ita ma ta san nawa. Baba. Yadda ya faɗi a bakin masallaci, yadda ɓarin jikinsa ya shanye, yadda ita ce ta riƙa ba shi kunu da cokali har Allah ya karɓi abinsa. Hawan jinin nan ya daɗe da shi, ba ya jin ciwon komai, shi ya sa bai ɗauki maganin da muhimmanci ba. Ban ambaci sunansa ba don kada ta ga kamar girkinta nake ɗora wa laifi. Allah ya sani ba haka nake nufi ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ce 'yar fari. Ba ta rungume ni, ba ta cewa ta yi kewata. Duk abin da take son faɗa mini a kwano take zuba shi. To yau na mayar mata da fiye da rabi. Kuma ina son abincin nan, so na gaske. Ina son waina da miyar taushe, ina son gurasa bandashe, ina son balangu da yaji. Ba barinsu zan yi ba, so nake in daɗe ina cin su, in ga auren yarana da ƙafata. Amma ta yaya zan faɗa mata haka ba tare da ta ji an ƙi ta ba?

Da zan tafi ta juye sauran a kula, ta ce wannan na jikokinta ne. Ba ta raka ni soro ba.

A mota na yi hawaye kaɗan. Abbansu bai tambaye ni ba, ya rage rediyo kawai.

Dare: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, albasa da tumatir. Yara sun cinye tuwon tas. Zagayen unguwa da muke yi bayan isha'i yau ban iya ba.

Wajen ƙarfe goma Auta ta turo saƙo. Wai Umma na tambaya ko abin awon nan nawa zai iya auna ta, don kwanan nan kanta na yawan sarawa ta ƙeya, ba ta dai faɗa wa kowa ba. Gabana ya faɗi. Gobe da sassafe zan kai mata, in lambar ta yi sama ba zan baro gidan ba sai mun wuce asibiti tare. Sunan gidan Gwaggo sai dai in leƙa da yamma.