Shin Siffofin Allah Za Su Iya Zama Ma'aunin Halayen Ɗan Adam?

Malaman tauhidi sun daɗe suna taƙaddama kan wata tambaya: shin abu yana zama kyakkyawa ne saboda Allah ya yi umarni da shi, ko kuwa ya yi umarni da shi ne saboda dama can kyakkyawa ne? Mu'utazilawa, wato mabiya wata mazhabar tauhidi mai ba hankali muhimmanci, irin su Alƙali Abdul Jabbar da ya rasu a 1025, sun ce hankali yana iya gane munin zalunci da ƙarya ko da ba a aiko manzo ba. Abul Hasan al-Ash'ari kuwa, wanda ya yi karatu a gaban malamin Mu'utazilawa Jubba'i a Basra kafin ya raba gari da Mu'utazilanci, ya tafi a kan cewa shari'a ce ke tabbatar da kyau da muni, kuma aƙidarsa ce aka daɗe ana karantarwa a zaurukan malaman ƙasar Hausa.

Wasu masana falsafa na wannan zamani, kamar Robert Adams na Amurka, sun nemi mafita ta uku. Sun ce ma'aunin yana cikin siffofin Allah ne, domin shi mai adalci ne kuma mai rahama tun fil azal, umarninsa kuma daga nan yake fitowa. Musulmi ba zai ji wannan baƙon zance ba, tun da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi sharhin sunayen Allah 99, yana bayyana rabon bawa daga kowane suna.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Cikin waɗannan sunaye akwai Al-Mutakabbir da Al-Jabbar, waɗanda kamala ce a wurin Allah, amma duk mutumin da ya ɗaga kai yana taka talakawa, babu malamin da zai ce ya yi koyi da Ubangijinsa. Ke nan dole a sami abin da zai bambance siffar da ake koyi da ita, kamar afuwa da kyauta, da wadda aka hana bawa kusanta, kuma wannan abin, ko wahayi ne ko hankali, ya sake mayar da mu tsohuwar taƙaddamar.

A ganina, hadisin ƙudusin da Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri ya fi haska lamarin, inda Allah ya ce ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakanin bayi. Da a ce mai sauraro bai san ma'anar zalunci ba kafin a gaya masa, da jawabin bai isar da komai ba. Shi ya sa na fi karkata ga Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙandi, wanda ya yarda hankali yana gane kyawun wasu abubuwa da muninsu, amma ya bar hukunci a hannun Allah.