Inda na kai wajen buɗe sabar ga mutane da yawa a lokaci guda

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aiki ya tsaya a kan ƙaramar sabar gwajin da nake haɗawa a gida, wadda nake so mutane da yawa su riƙa shiga daga nesa, kowa da allonsa, ba tare da wani ya kori wani ba.

Na fara da Windows Server, inda mutum biyu kaɗai ke iya shiga a lokaci guda, su ma don kula da na'urar aka ba su dama. Idan na uku ya zo, sai ɗaya ya fita. Dabarar da aka fi yayatawa don cire wannan iyaka ita ce a ƙwace mallakar fayil ɗin termsrv.dll, mai kula da shiga daga nesa, da ke cikin System32 daga hannun TrustedInstaller, asusun Windows mai riƙe da manyan fayilolinta, sannan a sauya wasu lambobi a cikinsa. Ban bi wannan hanya ba, domin ta saɓa wa sharuɗɗan lasisin Microsoft, kuma sabuntawar wata-wata tana iya maye gurbin fayil ɗin, gyaran ya rushe. Daga nan sai mutum ya fara gudun sabuntawa, alhali ta wannan ƙofar shiga daga nesa ce aka gano ɓarakar tsaro mai suna BlueKeep a shekarar 2019. Halastacciyar hanya ita ce a girka Remote Desktop Services, tsarin Microsoft na shigar mutane da yawa daga nesa, wanda ke ba da damar amfani na kwana 120 ba tare da lasisi ba, bayan haka a sayi lasisi ga kowane mutum ko kowace na'ura.

Tun da aljihun ɗalibi bai kai nan ba, na koma Ubuntu, wani nau'in Linux, na girka xrdp, manhajar shiga daga nesa wadda take sauraron tashar sadarwa mai lamba 3389 kamar ta Windows, don haka manhajar shiga ta Windows tana haɗuwa da shi kai tsaye. A nan gyaran fayil halal ne. Cikin /etc/xrdp/sesman.ini akwai layin MaxSessions, mai ƙayyade yawan zaman da za a buɗe a lokaci guda, wanda ya zo a kan 50, adadin da ya fi ƙarfin tsohuwar kwamfutata nesa ba kusa ba, saboda kowane mai shiga yana cin nasa kason ƙwaƙwalwa. Shi ya sa na rage shi, na kuma zaɓi tsarin fuskar allo na Xfce maimakon na GNOME don ya fi sauƙin nauyi. Layukan da suka fi amfani a ganina su ne KillDisconnected da DisconnectedTimeLimit, masu rufe zaman da ya yanke bayan wani lokaci, domin wanda intanet ɗinsa ya yanke yakan bar zamansa a buɗe yana riƙe da ƙwaƙwalwa har sai an rufe shi.

Ku ajiye kwafin fayil ɗin kafin ku taɓa shi, kuma ku buɗe wa kowa asusunsa, saboda shiga da asusun da ke buɗe a gaban na'urar yakan haifar da baƙin allo. Abin da ya rage mini yanzu shi ne in rufe tashar 3389 daga waje, shiga ta koma ta WireGuard, manhajar VPN mai buɗe amintacciyar hanya zuwa sabar.