Yadda kalmar "hardly" ta kusa hana yarona aikin direba

Shekara shida yaron nan ya yi yana ɗaukar mini kaya daga Kantin Kwari zuwa tasha. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ban taɓa riga shi zuwa shago da safe ba. Da ya ji wata ƙungiya tana neman direba, sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, sun ce sai da takardar shaida daga maigida, kuma wai da Turanci." Na ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. Na yi sakandare, na yi difloma, kuma da hannuna nake rubuta wa masu aiko mana da kaya saƙo.

Bayan la'asar na zauna rubutu. So nake in ce yaro ne mai aiki tuƙuru. A makaranta an koya mana cewa in za ka faɗi yadda aka yi abu, sai ka liƙa "ly" a wutsiyar kalma: "quick" ta koma "quickly", "slow" ta koma "slowly". To, na ce ai "hard" ma hakan ne. Na rubuta "He hardly works", na buga hatimin shago, na sa hannu, har ina jin daɗin Turancina.

Washegari ya dawo da ambulan ɗin, jikinsa a sanyaye. Wai matar da ta karɓa ta karanta, ta ɗago kai ta tambaye shi ko sun yi faɗa da maigidansa ne. Allah ya saka mata da alheri, cewa ta yi ya mayar a gyara, ba ta jefa a kwandon shara ba.

Bayan magariba na ɗauki takardar na nufi dakalin maƙwabcina, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya. Ya ɗora tabarau, ya karanta, ya yi dariya har da tari.

"Alhaji, ai cewa ka yi yaron nan malalaci ne, da kyar yake taɓa aiki."

Na ce, "Haba Malam, ba 'hard' ce ƙarfi ba?"

Ya ce ita ce, amma ba ta bukatar wutsiya, kamar yadda "fast" ba ta bukata. Mai aiki tuƙuru "He works hard" ake ce masa. Ita "hardly" a tsohon Turanci ta taɓa nufin yin abu da ƙarfi ko da tsanani, amma tun ƙarni na 16 ta soma karkata zuwa ma'anar da kyar, kuma yau a can ta zauna. Ya ce in riƙa kallonta kamar a'a ce da ta saka rigar e. Shi ya sa ba a haɗa ta da "not". Wanda ya ce "I can't hardly hear you" ya sa hula biyu a kai ɗaya.

Daga ranar na shiga kasa kunne, a rediyo da waya da bakin 'yan kasuwar da muke Turanci da su. Abin da ya fi burge ni shi ne, kalma ɗaya ce a wurinsu, mu kuwa muna da hanyoyi da yawa na faɗinta. In layi ba kyau wani ya ce "I can hardly hear you", da kyar nake jin ka ke nan. "He hardly ever comes to the market", ba kasafai yake zuwa kasuwa ba, ko bai cika zuwa ba. "There were hardly any customers", irin ranar da za mu ce yau kasuwa sai a hankali, kusan babu mai saye. Yanzu kafin in rubuta ta sai na gwada ɗaya daga cikin waɗannan a zuciyata. In bai zauna ba, to ba wurinta ba ne.

Akwai guda da ta wahalar da ni, 'yata ce da ke shirin WAEC ta warware mini. "Hardly had I opened the shop when it started to rain." Na ce wannan wane irin juyayyen zance ne? Ta ce, "Baba, ai buɗe shagona ke nan sai ruwa ya kece." Shi ke nan na gane. Ta ƙara da cewa "when" ce abokiyar tafiyarta, "than" kuwa ta "no sooner" ce, kuma a nan masu jarrabawa ke ɗana wa ɗalibai tarko. Haka in an ce "He hardly comes", ƙaramar tambayar da ke biyo baya "does he?" ce, tunda an riga an kore zuwan.

"Barely" kuwa ta fi yi mini sauƙi, don ta masu awo ce irinmu. Bandir ya kusa ƙarewa, ka ce "barely ten yards", da kyar ya kai yadi goma. "He barely passed", ya ci jarrabawar, amma da jiɓin goshi. "Scarcely", wadda ita ma da kyar take nufi, a littafi da jarida na fi ganinta, ban damu da ita ba. A cikin binciken nan ne ma na gano na daɗe ina rubuta "lately" da nufin a makare, alhali kwanan nan take nufi. Allah kaɗai ya san saƙonni nawa na aika a haka.

A daren ranar da na je wurin Malam muka sake takardar a kan dakalin. Na rubuta "He works hard and he is hardly ever late." Malam ya karanta sau biyu, ya bi kowace kalma da yatsa, sannan ya bar ni na buga hatimi.