Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Maganar Kawu

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya kawo ni Girenobul ta ƙasar Faransa wurin Yaya Babba, ina jan ƙafar hagu wadda shan inna ya shanye tun ina ɗan shekara uku a Damagaram. Na so in ci gaba daga makaranta, amma maganar Kawu ta hana ni, domin ranar da ya ji aikin da nake nema, wato koyar da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, sai ya yi dariya a zaure ya ce, "Yanzu gurgu ne zai koya wa mai ƙafa tafiya?"

Abin da Kawu bai sani ba shi ne, a watan Maris na 1992 na tsaya a Tinye, cikin duwatsun Faransa, ina kallon gasar naƙasassu ta lokacin sanyi, na ga mai ƙafa ɗaya yana gangarowa daga dutse kamar shaho ya hango ɗan tsako. Katakon zamiya ɗaya ne a ƙafarsa, sai sanduna biyu masu ƙananan katako a ƙasansu, shi ya sa ake kiran salon mai sawu uku, saboda layi uku yake bari a kan dusar ƙanƙara. Sojojin Ostiriya da Jamus waɗanda Yaƙin Duniya na Biyu ya raba da ƙafafunsu ne suka fara shi.

A Shamrus kusa da Girenobul, inda aka yi tseren zamiya na Olamfik na 1968, na koya. Na faɗi har Yaya ta daina ƙirga, kafaɗuna kuwa sun yi wata biyu suna ciwo kafin in gane cewa nauyina a kan ƙafar dama ya kamata ya zauna, sanduna na daidaito ne kawai. Shekarun neman takardar koyarwa zan bar su sai wani makon.

Ɗalibina na farko ƙato ne mai ƙafafu biyu lafiyayyu, tsoron gangara ya sa jikinsa rawa, ni na riƙe shi har ƙasa. A daren nan na rubuta wa Kawu wasiƙa, ban aika ba. Da na je gida bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, na tarar Kawu ya tsufa yana dogara sanda, ya dubi tawa ya ce, "Ɗana, a ina ake sayar da irin wannan?" Na bar masa ita, zancen zaure kuwa har ya rasu bai tayar ba.